Ranar da na kira sunan ɗana na fari

Salamu alaikum 'yan uwa. Kun daɗe ba ku ji ni ba. Ciwo ne ya fara kwantar da ni, daga baya kuma kunya ta rufe mini baki.

Ina tankaɗe a tsakar gida a Gazawa rariya ta suɓuce daga hannuna. Na buɗe baki in kira yara, sai na ji harshe ya yi nauyi.

A asibitin Maradi aka auna jini, aka ɗauki hoton kai. Likita ya ce, "Hajiya, hawan jini ne ya shanye miki ɓari ɗaya." Ni da nake cin kasuwar Agiye da ƙafata, sai an juya ni, sai an tara mini fo. Wallahi na ji tsoro.

Magani da gashin ƙashi suka cinye jarina. Abin da ya rage gonar gado ce, wadda Baba ya sare shekarar da aka samu 'yancin kai. Tamu ce mu uku da ƙannena mata, don yayanmu ya riga ya ɗauki nasa kason, ni ke riƙe da amanarta. Muka shirya a ba da hayarta damina ɗaya, ɗana na fari ya wakilce ni.

Ma'aikacin buro, wato ofishin hukuma, ya zo har bakin gado da takardar wakilci. Ya ce, "Wa kika wakilta? Faɗi sunansa da bakinki."

Jama'a, ɗan fari ne fa, kuma sunan mahaifina gare shi. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunan nan ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Mai sunan Baba."

Shi kuma ɗan nawa, don kunyata, yana can waje. Wanda ke ɗakin ɗan yayana ne, shi ma sunan Baba ya ci. Sai kawai ya miƙa katinsa na ɗan ƙasa. Na ga ya miƙa, na ɗauka aiko shi aka yi, na dangwala yatsa. Ban ce a karanta mini ba.

Ashe shi aka rubuta, kuma ba a ce haya kaɗai ba.

Ina koyon tafiya da sanda ƙanwata Rabi ta shigo ko sallama babu. "Yaya, ke kika ce a sayar da gonar Baba?"

Innalillahi! Har ɗan yayan nawa ya kai mai saye gaban maigari. Allah ya saka wa maigari da alheri, ya ce gonar mutum uku ba ta sayuwa da yatsan mutum ɗaya, a kawo sauran biyun.

Na yi kuka kamar yarinya. Na kusa salwantar da haƙƙin ƙannena saboda suna ɗaya da na kasa faɗa.

Yanzu alhamdu lillahi ina tafiya, hannun ma yana riƙe ludayi. Na gode wa likitoci, na gode wa Rabi da ta yi jinyata duk da haushina da take ji.

Ku dinga auna jininku. In za ku wakilta wani, a rubuta abin da zai yi da ranar da wakilcin zai ƙare, a karanta muku da Hausa gaban shaidu. In abin tarayya ne, kowa ya sa hannu.

Ranar da na je buro na soke takardar farko don a yi sabuwa, aka sake tambayata wa na wakilta. Ɗana ya juya zai fita, na riƙo rigarsa da hannun nan da ya shanye.

Na ce, "Isiyaku. Isiyaku nawa, wanda na haifa."

Hularsa ya cire ya rufe fuska.