Kabarin Malam ya koma wata ƙasa

Shekara ashirin ke nan da rasuwar maigidana, Malam, Allah Ya jiƙansa. Har yau in na ji ƙanshin bandar kifi a Borokiri, unguwarmu ta Fatakwal, sai gabana ya faɗi.

Fataucin busasshen kifi yake yi. Daga Fatakwal ya bi ruwa zuwa ƙauyukan masunta na Bakasi, ya yi sati biyu ya dawo. A lokacin kotun duniya ta riga ta ce yankin na Kamaru ne, manya suna ta zaman yadda za a miƙa. Abokansa kan yi ta hargowa a ƙofar ɗakinmu, wai yaya babbar ƙasa za ta sakar wa ƙarama? Shi kuwa sai ya rage muryar rediyo ya ce, "Ku dai ba ku ga yaƙi ba. Babba juji ne. A ba su, in dai ba za a mayar da matan mutane zawarawa ba."

A can Bakasi zazzaɓi ya kama shi, kwana uku ya cika. Musulmi uku ne a ƙauyen, suka yi masa sutura a ranar, kamar yadda addini ya ce. Ba dutse, ba rubutu. Kabarinmu ai a zukatan waɗanda suka haƙa shi yake.

Da aka miƙa yankin, mutanen suka watse. Biyu ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Na ukun, Malam Sule, ya koma sayar da albasa a kasuwar Ose ta Anacha. Kullum yana ce wa ɗanmu Nura, "Bari ƙura ta lafa, ni zan kai ka da ƙafata." Yau batun takardu, gobe ruwan ba lafiya. Bara Malam Sule ya kwanta ciwon ajali, abin da ya iya bari sai kwatance: bayan rumfar banda, kusa da itacen kwakwa uku.

Bana Nura ya yi takardu ya tafi. Ba rumfa, ba kwakwa, teku ta cinye gaɓar, mutanen wurin kuma baƙi ne. Ya kira ni.

"Umma, ban san inda zan tsaya ba."

Na ce, "Tsaya inda kake, ka yi masa addu'a. Wanda kake roƙo Ya san wurin."

Ina yawan tambayar kaina, da Malam zai ga yau, me zai ce? Na san zai ce sulhun ya yi rana, tunda ba a kai ga babban yaƙi ba. Ni ma ba zan zagi sulhu ba, alheri ne. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda suka zauna a teburi sun auna ruwa, sun auna ƙasa, ban ji sun tambayi wa ke kwance a cikinta ba, balle wa zai zo ziyara.

Malam bai bar mana gida ba, yanzu ko kabari babu. Ya bar ɗan da ya ƙetare teku don ya yi wa ubansa sallama, ya dawo bai zagi kowa ba. Tunda ban san ƙasar da ta rufe shi ba, duk wanda ke kwance a gaɓar nan ina sa shi a addu'ata. Allah Ya kai haske gare su baki ɗaya.