Waldar da Ba Ta Tartsatsi

Shekarun baya kaɗan, na hau jirgi zuwa Kuala Lumpur da niyya ɗaya: in kamo kunnen ɗana in dawo da shi gida. Gwamnati ta tura shi karatu, ya gama, sai ya bugo waya wai wani kamfani mai haɗa batirin motocin lantarki, inda ya fara gwaji, zai ɗauke shi aiki, yana neman izinina. Na ce wane aiki? Ya ce walda. Walda! Ni da na tsufa ina waldar ƙyamare a bakin titi, shago na jiran magaji, shi ne za a kai yaro bayan teku ya koyo abin da ke ƙofar gidansu?

Na sauka a ɗakinsa a unguwar Cheras. Washegari muka tafi wurin aikin, baƙin gilashina na walda a aljihu, don ba a zuwa gwada gwani hannu rabbana.

Ya nuna min wani akwati kamar ƙaton firji. Ya sa fallen jan ƙarfe biyu, ya rufe, ya ce sai an zuƙe iskar ciki tas, sannan wani siririn harshen lantarki ya narka bakinsu su haɗe.

"Ina sandar waldar?"

"Babu, Baba."

"Hayaƙi fa?"

"Babu lah," in ji shi, da irin ƙarin maganar mutanen can.

"Lah ɗin gidanku. Kunna mu gani."

Na ɗora gilashi, na kau da kai, na runtse ido ina jiran tartsatsi. Shiru. Can na ji abokiyar aikinsa, wata 'yar Malay, tana ƙunshe dariya.

"Baba, an gama fa," in ji ɗana.

Ashe ni kaɗai na tsaya cikin duhu, kowa ya kalla a talabijin ɗin jikin injin.

Ya miƙo min ƙarfen. Na bi ɗinkin da farce ina neman abin kushewa. Siriri kamar zare, fallen bai ko karkace ba. Na ce, "To, ba laifi, ga ɗan koyo."

Da muka fito, a shagon mamak, wato gidan shayi da abincinsu na can, yaron ya kasa cin komai, yana ta kallon bakina. Sai da na shanye shayina tukuna na ce, "Zauna ka yi aikinka. Allah ya yi maka albarka."

Yau in an tambaye ni abin da yake yi a can, cewa nake gadona ya yi. Ni wutar walda ta cinye min rabin gani, sai an kama hannuna nake tsallaka titi. Shi da idonsa garau zai tsufa, in Allah ya so, kuma wannan ya ishe ni.