Firizar da Aka Tura Baranda

A unguwa Likita ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa duba majiyyaci ba. Aikinta a ɗakin gwaje-gwaje yake, tana kiwon ƙwayoyin halittar jikin mutum a cikin 'yan farantai masu murfi. Mijinta tela ne, yakan tsokane ta da cewa ta fi sanin lafiyar ƙwayoyin a kan ta 'ya'yanta.

Tambaya ɗaya ce ta cinye mata ƙuruciya. Idan bairos ya shiga ƙwayar halitta, ƙwayar takan ji a jikinta, sai ta dakatar da ƙera furotin, sinadarin da ke gina jiki, don kada baƙon ya samu abin hayayyafa. Amma bairos ɗin da take nazari, mai kawo zazzaɓin da ya ɗauke ƙanwarta, yana da wani furotin nasa da ke hana wannan dakatawar. Haka ƙwayar za ta yi ta masa bauta har ta mutu. Ita so take ta gano inda furotin ɗin yake kamawa. Ƙwayoyin da ta sha wahalar sauyawa, da furotin ɗin da ta tace, duk suna cikin wata tsohuwar firiza mai gurnani.

Ana nan aka kawo wa cibiyar binciken da take aiki sabon darakta, mutum mai son ƙyale-ƙyale. Za a yi manyan baƙi, ya zagaya ya ce firizar ta yi muni, kuma ƙararta za ta hana a ji jawabinsa. Likita na can tana jinyar mahaifiyarta, ya sa masinja ya tura firizar barandar baya, inda babu wurin jona wuta.

Da ta dawo, ruwa ta tarar kwance a siminti, ga wari. Ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, wa ya ce a taɓa firizata?"

"Ta cibiya ce, Malama, ba taki ba. Tsautsayi ne. Sai ki sake haɗa wasu."

"In sake? Ka ɗauka ƙanƙarar sayarwa ce a ciki?"

Tana juyowa ta ga hoton ƙwayoyinta a bangonsa, an sa shi cikin gilashi. Ashe da shi ya yi wa baƙin alfahari, a ranar da ƙwayoyin suke ruɓewa a bayan gini.

Ba a tsaya nan ba, aka dakatar da masinjan, wai shi ya yi sakaci. Wannan kam ta kasa haɗiyewa. A taron ma'aikata ta miƙe ta faɗi wanda ya ba da umarnin. Kowa ya sunkuyar da kai.

An dawo da masinja bakin aiki. Ita kuma aka mayar da ita wani ɗan ɗaki kusa da sito. Darakta bai jima ba aka ƙara masa girma, ya tafi.

Wata tsohuwar ɗalibarta ta aiko mata da ragowar ƙwayoyin da Likita ta taɓa ba ta. Ba su kai rabin abin da ya lalace ba, da su ta faro daga tushe, ga furfura ta fara fito mata. Har yau idan aka ce mata ta yi haƙuri, ya wuce, takan ce haƙuri ta yi, amma tsautsayi ne kawai ba za ta yarda a kira shi ba.