Ni da Tunkiyar Malam

Shekarar da aka kai mijina Malbaza a matsayin malamin dabbobi, ya zo da wani ilimi da ya rasa inda zai sauke shi. A lakwal, wato makarantarsu, an koya musu yadda alade ke cin abinci: wai namiji da mace ba sa cin moriyarsa daidai, babba kuma cikinsa ya fi na ƙarami tatse abin da ke gina jiki. Mu kuwa duk faɗin unguwarmu ko alade ɗaya babu. Sai ya ce bari ya gwada a kan tumaki. Ya sayo rago da tunkiya a kasuwar Konni, ya ɗaure su a bayan ɗakina.

Ragon bai dame ni ba. Tunkiyar ce. Fara ce mai baƙin kunne, ga yanga wajen cin abinci. Kullum kafin mu gaisa da safe yana wurinta. Ya auna mata harawa da angurya, ya tsuguna yana tona kashinta da tsinke, wai yana duba ko wake ya fito bai narke ba. Ran Lahadi ya sa ta a buhu ya rataya a sikeli. In ta ƙaru, har waƙa yake yi wajen wanka. In ta bar dusa, shi ma tuwo ba ya yi masa daɗi.

Ni a lokacin ina da ciki, na fari, kuma ban faɗa ba. Da farko kunya ce, daga baya ta koma gardama: mutumin da ke gane tunkiya ta rage ci, ai ya kamata ya ga matarsa ta daina taɓa miyar kuka. Na rame a wuya. Warin angurya na tayar mini da zuciya, ina amai a gindin katanga, kusa da turkenta. Sai ya zo ya wuce ni da kwanon dusa yana cewa, "Sannu da aiki."

Kishi na yi, kishi na gaske, kuma da dabba. Nakan tsaya ina hararar ta tana tuƙa, ita ko a jikinta. Na taɓa ce masa, "Malam, ni ma a ɗora ni bisa sikelin mana." Ya yi dariya ya ce buhun ba zai ɗauke ni ba. Matar jandarman da muke maƙwabtaka da su, wadda ko Hausa ba ta ji sosai, kallo ɗaya ta yi mini ta gane. Ta riƙa miƙo mini lemun tsami ta kan katanga.

Wata rana da la'asar ina tankaɗe, ya shigo da sauri, hannunsa duk dusa, bakinsa har kunne.

"Ke, albishirinki! Tunkiyag ga ciki gare ta. Na san da wani abu, kwanakin ga cinta ya sake, ga son kwanciya. Ni ba a ɓoye min irin wanga abu."

Na ajiye rariya. Na ce, "Barka, Malam. Ni ma haka."

"Ke ma mi?"

Na kama hannun nasa, da dusar da komai, na ɗora a marata. Ya dubi wuyana, ya dubi fuskata, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tambaye ni.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kahin nata."