Ranar da Babur Ɗin Maigidana Ya Tafi da Baya

Maigidana gero yake sayarwa a kasuwa, amma a ransa shi bakanike ne. Yana da wani tsohon babur, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, mai ƙara kamar injin markaɗe. In ya tayar da shi da safe, rabin layinmu a Unguwar Rogo sai ya yi tari.

Da babur ɗin ya fara kasa hawa ɗan tudun ƙofar gida, na ce ya kai wa masu gyara. Ya ce, "Su wa? Waɗanga da ba su san komi ba sai canjin fulogi?"

Wata Asabar ya kwance injin a tsakar gida. Farantin da nake tsince shinkafa ya koma na zuba notuna. Ya wanke kafireto a kwanon miyata, ya cusa salansar babur ɗin cikin murhu, wai zai ƙone dattin da ya toshe ta. Tuwon ranar warin gareji ya yi. Ya cinye nasa, ya ce shi bai ji komai ba. Ya sa sabon fistin da ringi, ya taɓa saitin wuta da ba wanda ya aike shi, ya mayar da komai. Na nuna masa notunan da suka rage a faranti.

"Na ado ne," in ji shi.

Bayan la'asar ya sa babbar riga, ya tura babur waje, ya kira maƙwabta su ga aiki. Ya buga, injin ya yi atishawa, ya kama. Ya dube ni a bakin ƙofa ya ce, "Hau in kai ki Gidan Dare ki gaida inna."

Na ce ina da wanki.

Ya sa giya, ya saki kuloci, sai babur ya zabura da baya. Daga bisani na ji cewa irin wannan injin yakan juya baibai in an ɓata masa saitin wuta. A lokacin dai abin da muka gani shi ne maigidana riƙe da kan babur, yana kallon gaba da muhimmanci, yana tafiya baya, har ya shige cikin buhunan gawayin tsohuwar da ke kusa da mu.

Tsohuwar ba ta ko tashi daga tabarma ba. Ta ce, "Alhaji, lahiya? Ko gaban ne ya ishe ka?"

Ya miƙe baƙi ƙirin, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Ribas nika gwadawa, Gwaggo."

Washegari ya tura babur ɗin wajen makanikai, ya bi ta lungu don kada 'yan majalisa su gan shi. Ni kuwa ya ce mini zai je ya ɗan koya wa makanikan wani abu ne.