Muryar Maigidana a Gidan Gesse

Maigidana masunci ne a Argungu. Shekarun da anka raba mu da jihar Sakkwato, ɗanmu na fari ya sayo rikoda, ya riƙa ɗaukar uban yana ba da labarin gulbi: inda giwar ruwa ke kwana, da yadda ake hawan gora a ruwa wajen su. Kaset bakwai. Daga baya Allah ya karɓi ran maigidan.

Ɗan nan aikin kwamfuta yake yi a Birnin Kebbi, gidansa na unguwar Gesse. Ya kwashe muryar ya aza ta a intanet, ya sa mini wani ɗan hoto a waya. In na taɓa, sai tsohon ya yi gyaran murya ya fara. To ni ban saba ci ni kaɗai ba. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai in ce a tura mata. Ashe ƙofar ba ta da ƙyaure, kowa a duniya shiga yake.

Wata rana a gidan suna na ji muryar mijina a wayar wata, an sa mata kiɗa, mata na dariya.

Na kira ɗan. Na ce, "Rufe."

Ya ce, "Inna, bari in yi miki mabuɗi na sirri, ke kaɗai."

"Ni da ko baƙin karatu ban sani ba? Rufe. Ka rantse muryar nan ba ta ƙara fita gidanka."

"Inna, ki dai yi tunani."

"Rantse!"

Ya rantse da Allah. Ya tsare ta yadda ba ta buɗuwa sai waya tana cikin gidansa na Gesse. Da na taɓa hoton a Argungu, sai wani abu ya yi ta juyawa a fuskar wayar, shiru.

Kwana tara na daure. Na goma na ɗaure kayana na shiga mota.

Gidan Gesse katanga ne da ƙofar ƙarfe. Ba mai sallama ya shigo haka kawai, ba warin kifi, ba wadda ta san ni da ƙuruciya. Surukata tana kyautata mini, ba ni da abin cewa. Sau biyu ɗan ya ce zai yi kaffara ya sa mini muryar in koma ɗakina. Na ce a'a. Ni na sa shi rantsuwar, ba ni zan sa shi karya ta ba.

Damina huɗu ke nan. An ce soron ɗakina na Argungu ya fara yoyo. Na aika a yaɓe shi.