Dogo da Ƙwai Mai Lamba Ɗari

Shekara ashirin da shida Dogo yana jan motar gidan burodi, ko kaza bai taɓa takawa ba. Tun kafin gari ya waye yake fita, ya bi shago-shago yana sauke kaya, da hantsi ya dawo ya miƙe. Sai dai taurin kai, in ya kafe a kan magana, gara ka nemi wani zancen.

Bara ne hanya ta fara yi masa hazo. Bai yarda idonsa ba ne, don wa zai ba mai ciwon ido makullin mota? Fitila ya ɗora wa laifi. Ya je gareji ya ce wa mai wayarin ya cire ƙwan fitila mai lamba sittin, ya sa mai ɗari. Mutumin ya ce gidan fitilar roba ne, wayoyin kuma sirara, ba za su ɗauki zafin ba. Dogo ya ce shi tun kafin a yaye mai wayarin yake riƙe da sitiyari. Aka sa.

Sati biyu ya ji daɗi. Daga nan murfin fitilar ya rine kamar haƙorin mashayin taba, abin nan mai ƙyalli na ciki ya babbake, haske ya koma ƙasa da na da. Magani ɗaya Dogo ya sani. Ya sayo mai ɗari da talatin, ya ɗaura da hannunsa don kada a yi masa wa'azi. Fis ya ƙone, ya naɗa masa silin waya ya mayar.

Matarsa tana kallo. Ita ke miƙa masa kofi ya kai hannu gefe. Sau ɗaya ta yi zancen asibiti, ya yi kwana biyu bai taɓa abincinta ba, ta kama bakinta.

Wata asuba a kan gangare ya ji ƙaurin roba, fitilu biyu suka mutu lokaci guda. Ya taka birki, hayaƙi na bulbulowa daga gaban mota. Nan ya zauna riƙe da sitiyari har rana ta fito, masu shago suna ta bugo waya.

Mai gidan burodi ya sa aka sake fitilu da wayoyi, sababbi fil. Da magariba ya kira Dogo gareji, ya kunna, haske ya bugi bangon da aka rubuta lambar waya ɓaro-ɓaro.

"Baba, karanta min lambar can."

Dogo ya ƙura ido, ya matsa gaba, ya sake ƙurawa.

"Wannan ma ba ta da ƙarfi," ya ce a hankali.

Ba wanda ya yi dariya. Mai wayarin ya sunkuya yana tattara kayan aikinsa. Maigidan ya miƙa hannu, Dogo ya daɗe yana laluben aljihu kafin ya fito da makullin, ya tambaya ko akwai wanda zai bi ta hanyar gidansa.